Ƙafar Yaro da Allurar Kwalejin Bakin Tafki

Daga:
Zulai'atu Sulaiman,
Gidan Malam Nasiru mai jirgi,
Tungar Mamuda, kusa da Wara,
Ƙaramar Hukumar Ngaski.

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Sashen Kula da Aikin Jinya,
Ma'aikatar Lafiya ta Jiha,
Birnin Kebbi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN KWALEJIN KOYON JINYA TA BAKIN TAFKI DA KE YELWA, DA ROƘON A HANA "RANAR DUBA YARA" TA 22 GA NUWAMBA, 2025

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan ofishinka, ni mai suna a sama, matar aure, uwar yara biyu, kuma ɗaliba a makarantar da na ambata tun daga watan Janairu na 2024 har zuwa watan jiya, ina gabatar da wannan ƙorafi cikin ladabi. Ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba. In an ga kuskure a tsarinta, a yi mini afuwa, a dubi maganar da ke ciki.

Akwai uzuri ɗaya da nake nema tun daga farko. Yaron da abin ya shafa ɗana ne na fari, shekararsa huɗu. Ranka ya daɗe ka san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tun da aka yaye shi a ɗakin kakarsa yake, wato surukata Inna Fatsuma, ita ke cewa ɗanta ne. An gaya mini takarda irin wannan ba ta cika sai sunansa ya fito. Zai fito, in Allah ya yarda, amma a bar ni in kai can. Kafin nan zan riƙa cewa "yaron".

Ga ƙorafe-ƙorafena bi da bi.

1. An karɓe mu a makarantar nan an bar mu da zaton tana da amincewar Hukumar Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, alhali ba ta da ita.

Abin da ya kai ni neman aikin jinya ba ɓoyayye ba ne a tungarmu. Maigidana yana tuƙa jirgi mai inji tsakanin tungayen bakin tafki da Yauri. Ban san adadin matan da naƙuda ta yi wa gardama, aka sauko da su bakin ruwa a tabarma aka ɗora a jirginsa ba. Wasu sun isa asibiti. Maƙwabciyata Jummai ba ta isa ba, a tsakiyar ruwa ta cika, tsakanin kwandunan busasshen kifi. Na gama sakandare a Yelwa da sakamako mai kyau kafin aurena, sai na ce me zai hana a samu mace ɗaya a wannan gaɓar da ta san abin yi kafin a tayar da inji.

Na yi tambaya a kan makarantar jinya ta babban birnin jiha. Aka ce mini akwai jarrabawar shiga, akwai jira, akwai nisa, kuma ba a zama aji da goyo. Ni kuwa a lokacin ɗiyata Shamsiyya tana wata uku a bayana. Sai aka ba ni labarin Kwalejin Bakin Tafki: a Yelwa ta Yauri take, ana karɓar mai goyo, ran Juma'a kuma mutum ya shiga jirgi ya koma gida.

Ranka ya daɗe, ban shiga da ka ba. Na je na duba rijiyarsu, na duba makewayi, na duba rumfar da ake shimfiɗa jarirai, na tambaya ko ruwa na shiga aji da damina. Na ma sa hannu na girgiza bencin aji in ji ko zai ɗauki mace da goyo. A kan satifiket kuwa tambaya ɗaya tak na yi wa mai makarantar, Malam Abubakar Sa'idu, wanda kowa ke kira Dakta. Na ce ko ana ɗaukar aiki da shi. Ya yi dariya, ya ce takardun amincewa duk an gama su, saura sa hannu, kafin mu kammala sun iso. Wai in damu da karatuna, in bar masa zancen Abuja. Na karɓi wannan amsar na tafi da ita gida. Ni da ba na sayen kifi sai na juya shi na sansana, na zaɓi makaranta a kan dariyar mutum.

A Janairun 2025 da bakina na roƙi maigidana ya bar ƙanwarsa Murjanatu ta bi ni. Bayan ita, iyaye da dama daga tungayenmu da Shanga sun kai ɗiyansu, domin sun ce tun da Zulai tana can, wurin na kirki ne.

2. Ba a taɓa kai mu asibiti koyon aiki ba, kuma ba mu da malami ko ɗaya da na tabbatar ma'aikacin jinya ne mai lasisi.

Masu koyar da mu su ne Dakta da kansa, da wani mai shagon magani a bakin kasuwa, da wata mata da ke zuwa jefi-jefi. Duk zangon karatu sai a ce mana asibitoci sun cika da ɗaliban wasu makarantu, mu jira zango mai zuwa. Allura a jikin lemu muka koye ta, sai kuma filo. Abokiyar zamana a benci, Blessing Gideon, 'yar Shanga, takan ce in dai lemu ya kamu da zazzaɓi a ƙasar Yauri to ya huta, ga ƙwararru an yaye masa. Mukan yi dariya har mu riƙe ciki. Yau in na tuna dariyar nan sai in rasa inda zan sa fuskata.

Duk da haka, a watan Disamba na 2024 aka yi mana bikin sa hula. Aka ɗinka mana fararen riguna, aka ba kowa kyandir, muka yi rantsuwa da Turanci. Maigidana ya kwaso mutanen tunga a jirginsa kyauta. Inna Fatsuma, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ranar sai da ta rangaɗa guɗa. Daga nan sunana ya koma Nas Zulai. Duk Asabar sai in fito in tarar da mata a ƙofar ɗakina da yara masu tari da gudawa. Na gode Allah ban taɓa yi wa ɗan kowa allura a gida ba, ruwan gishiri da sukari nake haɗa musu in ce su haye Yauri. Amma ba zan ɓoye wa hukuma ba, sunan ya yi mini daɗi.

3. Makarantar ta mayar da yaran gidajenmu abin gwaji, kuma ta haka aka nakasa ƙafar yaron a ranar Asabar, 13 ga Satumba, 2025.

A farkon watan ne Dakta ya sanar cewa za a yi "Ranar Duba Yara Kyauta". Ya ce kowane gida da ke da ɗaliba ya kawo yaro mai ɗan zazzaɓi ko mura, kuma wadda ba ta yi allura a ranar ba, ba ta da makin aikin hannu. Ya kafa doka cewa uwa ba za ta yi wa ɗanta ba, don hannunta zai yi rawa, sai dai a yi musaya.

Ran Juma'a da na koma gida na ga idon yaron ya ɗan yi ja, jikinsa ba ƙarfi. Daga nesa na gani, don yana jingine da Inna a wurin bandar kifi, mata cike. Niyyata in ba Murjanatu maganin zazzaɓi na ruwa ta kai masa, ya kwanta ya huta. Sai Inna ta ce tun da gobe za mu wurin likitanmu, a tafi mata da ɗanta a duba shi. Na sunkuyar da kai na ce abin bai kai nan ba, iskar jirgi ma za ta ƙara masa. Murjanatu, wadda wasa ke tsakanina da ita kamar kowace ƙanwar miji, ta tafa hannu ta ce jama'a a zo a gani, Nas ta fara son ɗan fari a bainar mutane, gobe ma sai mu ji ta kira sunansa a bakin ruwa. Matan banda suka kwashe da dariya. Wata ta ce ai bokon kenan, yana cire kunya kamar ana cire ƙayar kifi. Ba da mugunta suka faɗa ba. Amma in na ƙara kalma ɗaya na zama marar ta-ido a gaban surukata. Na ce to.

Washegari farfajiyar makaranta ta cika da yara. Ba a ɗebi jinin kowa ba, ba a auna nauyin kowa ba. Dakta yana bi yana dafa goshi yana cewa allura, allura. Da layi ya zo kan yaron, Murjanatu aka miƙa wa sirinji. A daidai lokacin Dakta yana bakin ƙofa yana ɗaukar hoto da wasu baƙi, babu malami ko ɗaya kusa da mu. Blessing ce ta kwantar da shi rub-da-ciki a cinyarta. Ni, kamar yadda ya dace da uwar ɗan fari, na ja gefe na juya fuskata ga bango.

Na san kukan allura, ranka ya daɗe, duk uwa ta san shi. Wannan ba shi ba ne. Ƙara ɗaya ya yi mai tsawo, sannan ya shiga kiran Inna yana cewa ƙafarsa wuta. Da aka tsayar da shi, ƙafar dama ta ƙi ɗaukarsa.

Na sha tambayar kaina, da ban juya ba fa, da na duba inda ta sa allurar? Amsar da nake samu kullum ita ce ta fi ci mini rai: da na duba ma ba zan gane ba, domin abin da aka koya mata shi aka koya mini. Lemu ba shi da jijiya.

4. Mai makarantar ya rufe maganar, ya hana mu kai yaron asibiti a kan lokaci.

Da aka kira Dakta, ya ɗan matsa wurin da yatsa, ya ce yaron ragon maza ne, a gasa masa da ruwan ɗumi, kwana biyu zai ware. Ya ce kada a kai shi babban asibiti, wai can sai su ƙara masa wata allurar a kan wannan. Muka koma tunga da shi a kafaɗar babansa.

Inna ta yi iya yinta. Ta gasa, ta shafa man kaɗanya, ta karɓo rubutu. Wasu suka ce iskar ruwa ce ta taɓa shi a hanyar dawowa. Zazzaɓin ya tafi, ya fara tafiya, amma tafin ƙafar ba ya ɗaguwa. Sai ya ɗaga gwiwa sama sannan ya jefa ta, yatsun suna jan ƙasa. Ni kuwa ina kallo ta wutsiyar ido, ban isa in ce a kawo shi in gani ba. In na tambayi Inna, sai in ce ya mai jiki, kamar ɗan maƙwabta nake tambaya. Ta ce da sauƙi, in ce Allah ya ƙara.

Abin da ya hana ni sukuni silifas ɗinsa ne. Na dama ba ya zama a ƙafarsa. Ina tsintarsa a bakin rijiya, ina tsintarsa a hanyar masallaci, ina tsintarsa a gindin banda, shi kuma ya wuce bai ma san ya faɗi ba. Nakan ɗauka in ajiye a ƙofar ɗakin Inna in wuce. Haka na yi ta yi har watan Satumba ya ƙare, ina sanye da sunan Nas, ina komawa aji ana koya mini yadda ake gyara gadon majiyyaci.

Ranar Litinin, 6 ga Oktoba, da safe na sauko bakin ruwa zan koma Yelwa. Yaron ya hango jirgin babansa, ya zabura zai ruga kamar yadda ya saba, ƙafar ta harɗe shi ya kifa a cikin laka. Bai yi kuka ba. Ya tashi zaune yana kallon ƙafar kamar ta wani ce. Ban san lokacin da na kwance Shamsiyya na miƙa wa Murjanatu ba. Na ɗaga shi, na goya shi da zanen ƙanwarsa, a gaban Inna, a gaban masunta, a gaban matan da suka yi dariya. Maigidana ya dube ni, ya dubi mahaifiyarsa, ya ja igiyar inji.

5. Abin da babban asibiti ya tabbatar a ranar 6 ga Oktoba, 2025.

Likitan da ya duba shi ya ce allurar ta taɓa babbar jijiyar da ke saukowa daga ɗuwawu zuwa ƙafa. Ya ce yaro ƙarami kamar wannan a cinya ake yi masa, kuma ga dukkan alamu zazzaɓinsa bai ma kai na allura ba. Ya tura mu sashen gashin ƙashi. Na tambaye shi ko ƙafar za ta dawo. Ya ce wasu suna dawowa, wasu rabi, wasu a'a, kuma da an kawo shi da wuri da ya fi. Rahotonsa yana haɗe da wannan takarda.

Dole in faɗi wani abu da na so in tsallake. A ranar farar rigar makaranta ce a jikina, kuma da muka isa ban rufe ta ba, don ina zaton za ta sa a rage mana layi. Babbar nas ta sashen yara, wata dattijuwa, ta ga rigar ta tambaye ni wace makaranta. Na faɗa mata. Ta ja ni gefe inda ba kowa, ta buɗe wayarta ta nuna mini sunayen makarantun da Hukumar Jinya ta amince da su a jihar nan. Na bi su da yatsa daga sama har ƙasa, na sake bi. Babu tamu. Ta yi mini bayani a hankali cewa makarantar da ba ta da amincewa, ɗalibanta ba sa zama jarrabawar hukuma, ba sa samun lasisi, kuma babu asibitin da zai karɓe su koyon aiki. A nan na gane dalilin da ya sa aka ce mu kawo yaran gidajenmu. Ba a samu marasa lafiyar da za a ba mu ba, sai aka karɓi namu.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ta yi, ɗiyata, ki rufe rigar nan kafin ki fita. Na ja hijabina har ƙasa na rufe ta. Tun ranar ban sake sa ta ba.

6. Mai makarantar ya yi mini barazana da ƙanwar mijina.

Ranar Alhamis, 9 ga Oktoba, na je ofishinsa da rahoton likita, Blessing ta raka ni. Ya karanta ya turo mini shi ta kan tebur. Ya ce ƙaddara ce, ko a manyan asibitoci ana samu. Da na yi maganar amincewa, ya ce ai ya gaya mini saura sa hannu. Sannan ya rage murya ya ce in yi tunani tukuna kafin in kai magana ko'ina, domin ba hannunsa ne ya riƙe sirinji ba, kuma in 'yan sanda suka zo, wadda ta riƙe za su tafi da ita. Ya tambaye ni ko na shirya in ga ƙanwar mijina a bayan kantar 'yan sanda, in kuma ci gaba da zama a gidan.

Wannan maganar ce ta riƙe ni har yau ban rubuto ba. Murjanatu shekararta goma sha tara. Tun ranar allurar ba ta sake yi mini wasa ba. Yarinyar da ba a jin kunne in tana gida, yanzu sai a yini ba a ji muryarta ba. Ita ke goya yaron zuwa gashi duk ranar da aka ba mu, ita ke murza masa ƙafa yadda aka nuna mata, in ya yi barci ta zauna tana kallonsa. Ta ce da ni sau ɗaya, in ana kama mutum a kama ta, ita ta tsokane ni, ita ta soka. Ina sanar da hukuma a rubuce cewa ni uwar yaron ba ni da ƙorafi a kanta ko kaɗan, haka ma mahaifinsa. Ni na kai ta makarantar. An ba ta allura an ce ta soka, ta soka inda aka koya mata.

7. An sa ranar da za a maimaita abin.

Makarantar ta sanar da wata Ranar Duba Yara a ranar Asabar, 22 ga Nuwamba, 2025, don sababbin ɗalibai, waɗanda ko lemun ma ba su daɗe da farawa ba. An bi tungayen Ngaski da ƙauyukan Shanga da lasifika ana cewa kyauta ne. An zo a ɗauki shatar jirgin maigidana don kwaso yara, ya ce injinsa ba zai tashi ranar ba. Amma ba jirginsa kaɗai ne a tafkin nan ba.

Na yi abin da zan iya. Ran sunan jikar mai unguwa, mata cike da gida, na miƙe na ce musu ni ba nas ba ce, ban taɓa zama ba, kuma kada kowa ya kai ɗansa. Ban taɓa jin nauyin harshena kamar ranar ba. Wasu sun ji. Wasu suka ce jarrabawa na faɗi shi ya sa nake ɓata makarantar. Wata da ɗiyarta ke aji ɗaya ta ce in ni na gaji, in bar 'ya'yan wasu su samu farar riga. Ban ga laifinta ba, bara ni ma haka zan ce. Mutanenmu farar riga suke gani, ba su san akwai wata hukuma da ke tantance wanda ya cancanci sa ta ba. Maganata ta ƙare a bakin ruwa. Ta hukuma ce kaɗai za ta haye.

Bisa ga abubuwan da na zayyana, ina roƙon ofishinka cikin ƙanƙan da kai:

(a) A hana taron 22 ga Nuwamba tun kafin ranar, kuma a sanar ta bakin masu unguwanni, da limamai da fastoci, da shugabannin masu jirage, domin takarda a allon ofis ba ta isa tunga.

(b) A turo masu bincike su ga makarantar da idonsu, su nemi shaidar amincewarta da lasisin masu koyarwa. In babu, a rufe ta.

(c) A nemo sauran yaran da aka yi wa allura ranar 13 ga Satumba a duba su. Ban san ko namu kaɗai ba ne. Akwai wasu 'ya'yan farin a cikinsu, kuma na san yadda iyayensu mata za su yi shiru.

(d) Kada a ɗora wa Murjanatu ko wata ɗaliba laifin da ba nasu ba. Blessing Gideon ta yarda ta ba da shaida, ni ma a shirye nake duk ranar da aka kira ni.

(e) A duba ko akwai hanyar da ɗaliban da ke da takardun sakandare masu kyau za su nemi shiga makarantar da aka amince da ita, ko da daga aji ɗaya za su faro. Ni kaina, in ƙafar yaron ta bar ni, zan zauna jarrabawar shiga kamar kowa, in jira kamar kowa. Matan gaɓarmu har yanzu a tabarma ake sauko da su.

Ban nemi a biya ni komai ba. Abin da nake so a mayar mini ba ya hannun hukuma.

Saura abu ɗaya. Jiya da na gama rubuta abin da ke sama, na je ɗakin Inna Fatsuma na durƙusa, na gaya mata an ce sai na sa sunan yaron, in ta yarda in ba Murjanatu ta rubuta mini wannan layin. Ta gama ɗaura wa yaron silifas ɗin dama da ƙyalle don kada ya faɗi. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, wadda ta goya shi a bakin ruwa ita za ta rubuta, kunyar da muka yi ta isa haka.

Don haka, ranka ya daɗe, yaron da aka yi wa allura a Kwalejin Bakin Tafki ranar 13 ga Satumba, 2025, wanda nake roƙon kada a samu na biyunsa ranar 22 ga Nuwamba, sunansa Almustapha Nasiru. Ɗana ne.

Ina fatan wannan ƙorafi zai samu kulawar gaggawa. Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Zulai'atu Sulaiman,
Mahaifiyar Almustapha,
Tungar Mamuda, Ngaski.

Abin da ke haɗe: rahoton likita na 6 ga Oktoba, 2025.